Abincin Sinawa: bambancin na gida da wanda ake sayarwa a Turai da Amurka

Duk wanda ya taɓa shiga gidan abincin Sinawa a Yamai, Abijan ko Paris ya san abin da ake kawowa: soyayyiyar shinkafa mai ƙwai da koren wake, nem, da kaza a cikin jar miya mai zaƙi da tsami. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka wannan ita ce cimar mutanen Sin, waɗanda a nan muka fi sani da Shinuwa. Sai dai mafi yawan waɗannan girke-girke a ƙasashen waje aka haife su, ko kuma a can aka sake musu kama. Baƙin haure ne suka tsara su don su dace da bakin Turawa. Abin da iyali ke ci a gida a Chengdu ko Lanzhou wani abu ne daban.

Maganar ta shafe mu fiye da yadda ake zato. Ganyen shayin da ake dafawa a kowace fada daga Gidan Rumji zuwa Gazawa daga Sin yake zuwa. Awarar da mata ke soyawa a bakin tasha asalinta girkin Sinawa ne. Riɗin da ake aunawa a kasuwannin Agye da Cadawa, wani kaso nasa a tukunyar Sinawa yake ƙarewa. Ga kuma 'yan kasuwa da ɗalibai da ke tafiya can, waɗanda tambayarsu ta farko ita ce: me zan ci, kuma ya halatta?

Ƙasa ɗaya, girki iri-iri

Ƙasar Sin ta ninka Nijar fiye da sau bakwai a faɗi, mutanenta sun haura biliyan 1 da miliyan 400, kuma hukuma ta amince da ƙabilu 56. Cewa «abincin Sin» tamkar a ce «abincin Afirka» ne, a haɗa tuwon gero da kuskus da sakwara a kwano guda.

Babban rabon farko na hatsi ne. Arewacin ƙasar yana da sanyi da ƙarancin ruwan sama, saboda haka alkama ce cimarsu: taliyar hannu, da mantou, wani burodi da ake turarawa wanda ya yi kama da alkubus, da jiaozi, wato niƙaƙƙen nama da ganye da ake ƙunshewa a fatar fulawa a dafa. Kudu kuwa, daga kogin Yangtze zuwa teku, ƙasar shinkafa ce. Tun kafin alkama ta bazu, wani nau'in gero mai ƙananan ƙwayoyi ne abincin arewa, kuma har yau ana shan kununsa da safe, ana ba masu jego da marasa lafiya. Suna noma dawa ma. Manomin Gangara da ya sauka wani ƙauye a lardin Shanxi ko Shaanxi ba zai rasa abin da ya sani ba.

Masana girki na ƙasar sukan lissafa manyan salo takwas, kowanne da sunan lardinsa: Shandong, Sichuan, Guangdong, Jiangsu, Fujian, Zhejiang, Hunan da Anhui. Uku daga ciki sun fi shafar wannan bayani.

Girkin Guangdong, lardin da Faransawa ke kiran babban birninsa Canton, ba ya son yawan kayan yaji. Burin mai girki shi ne ɗanɗanon kifin ko kazar ya fito kamar yadda yake. Ana turara kifi ɗungurungum, da kai da wutsiya, a sa masa citta da ganyen albasa, a zuba mai mai zafi a kai. Nan ne kuma gidan dim sum, ƙananan lomomi iri-iri da ake ci da shayi da hantsi.

Girkin Sichuan shi ne na masu son yaji. Suna haɗa barkono da wani ɗan itace mai sa harshe ya yi zir kamar ya mutu, wanda ɗan'uwa ne ga fasaƙwarin da muka sani. Daga nan mapo doufu ya fito, wato awara mai laushi a cikin jar miya da niƙaƙƙen nama, da kuma kazar gongbao da ake soyawa da gyaɗa da busasshen barkono. Abin lura shi ne barkono baƙo ne a Sin. Daga nahiyar Amurka ya fito, bai isa can ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16.

Girkin Hunan ma mai yaji ne, amma da ɗanyen barkono da wanda aka jiƙa ya yi tsami, da nama mai hayaƙi. Ba a san shi da zaƙi ba. A riƙe wannan, domin zai dawo a labarin kazar Janar Tso.

Fan da cai: tuwo da miyarsu

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar teburin Sinawa ita ce kalmomi biyu. Fan na nufin dafaffiyar shinkafa, ko hatsi gaba ɗaya, kuma ita ce kalmar da ake amfani da ita a ce «abinci», kamar yadda Bahaushe kan ce «zo mu ci tuwo». Cai kuwa asalin ma'anarta ganye, amma tana nufin duk abin da ake ci da hatsin. Hatsi ne ke cika ciki, cai na rakiya.

A gida, kowa na da ɗan kwanonsa na farar shinkafa, ba mai ba gishiri. Faranti uku ko huɗu na cai suna tsakiya, kowa na miƙa tsinkensa ya ɗauka. Yawancin farantan ganye ne da awara da ƙwai. Nama kan zo a yayyanke ƙanana, an cakuɗa shi da kayan lambu, sau da yawa da ƙashinsa. Akwai romo marar kauri da ake kurɓa. Ba a saba rufe cin abinci da kayan zaƙi ba, sai dai 'ya'yan itace. Madara da cuku ba su da wuri a girkin gargajiya na mafi yawan Sinawa, ban da makiyayan Mongoliya ta Gida da Tibet da Xinjiang.

Ganyayen da suke ci ma ba duka ne baƙi gare mu ba. Suna soya alayyafo da tafarnuwa, suna cin ganyen dankali, suna dafa soso tun yana ɗanye kafin ya yi zare, suna kuma son wani ɗan'uwan garafuni saboda ɗacinsa. Abin da Bature ke zubarwa, irin su ƙafar kaza, tumbi, hanji da kan kifi, abin marmari ne a wurinsu, kamar yadda kayan ciki da ganda suke a wurinmu.

Soyayyiyar shinkafa, wadda a waje ake ɗauka ita ce sarauniyar abincin Sin, a gida dabara ce ta ceto shinkafar da ta kwana. Matsayinta bai wuce na ɗumame ba, ko da yake birnin Yangzhou ya yi suna da tasa ta musamman.

Yadda abincin ɗauka-ka-tafi ya samo asali a Amurka

A 1848 aka gano zinariya a Kalifoniya. Dubban matasa daga gundumar Taishan da maƙwabtanta a lardin Guangdong suka hau jirgin ruwa. Bayan haƙar zinariya, su ne mafi yawan leburorin da suka shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya ratsa Amurka, wanda aka kammala a 1869. Galibinsu manoma ne, ba ƙwararrun masu girki ba, kuma ba su da kayan miyan da suka saba da su.

A 1882 Amurka ta kafa dokar hana leburorin Sin shiga ƙasar, dokar da ba a soke ba sai 1943. Wariya ta rufe musu ƙofofin ayyuka da dama, sai wanki da guga da sayar da abinci suka rage. Mai gidan abinci da ke son ya rayu dole ya dafa abin da Ba'amurke zai saya. Haka chop suey ya yi tashe: guntayen nama da kayan lambu a cikin miya mai kauri. Sunan daga harshen Kanton yake, ma'anarsa «tarkacen wannan da wancan». A farkon ƙarni na 20 babu babban birnin Amurka da ba a ganin allon chop suey.

Zango na biyu ya zo bayan 1965, lokacin da aka sassauta dokar shige da fice, masu girki daga Taiwan da Hong Kong suka shigo. Ziyarar shugaba Richard Nixon a Beijing a watan Fabrairun 1972 ta ƙara wa Amurkawa sha'awar girkin ƙasar. A wannan zamanin ne kazar Janar Tso ta bayyana. Janar ɗin, Zuo Zongtang, ɗan Hunan ne da ya rayu daga 1812 zuwa 1885, kuma bai taɓa ɗanɗana ta ba. Wani mai girki ɗan Hunan, Peng Chang-kuei, wanda ya koma Taiwan a 1949, shi ya ƙirƙiro ta a can, mai tsami da yaji da gishiri. Da girkin ya isa Niyok a shekarun 1970 sai aka ƙara masa sukari, aka sa naman ya yi ƙamas-ƙamas a mai. Wannan mai zaƙin ce ta mamaye Amurka, alhali mutanen Hunan ba su san ta a gidajensu ba.

Kaza mai miyar lemu, wadda kamfanin Panda Express ya fito da ita a 1987, ita ma 'yar Amurka ce. Haka naman sa da burokoli: a Guangdong wani ganye mai ɗan ɗaci da ake kira gai lan ake sawa, da aka rasa shi aka ɗauki burokolin Turawa. Sai biskit ɗin nan mai lanƙwasa da ake ɓoye 'yar takardar fatan alheri a cikinsa, wanda ake ba kowa bayan cin abinci. Asalinsa daga Japan ne, Japanawa mazauna Kalifoniya suka fara yin sa, kuma a Sin ba al'ada ba ce. Ko farin kwalin da ake zuba abincin a ciki, wanda muke gani a finafinai, ƙirar Amurka ce ta ƙarshen ƙarni na 19, da farko don ɗaukar kawa ta teku aka yi shi.

Ingila, Faransa, da hanyar da ta iso gare mu

A Ingila, mutanen ƙauyukan Hong Kong ne suka buɗe shagunan abinci a shekarun 1950 da 1960. Da yawa sun gaji shagunan soya kifi da dankalin Turawa, shi ya sa har yau ake sayar da soyayyen dankali da miyar kori a shagon Sinawa, tare da dunƙulen kaza da aka tsoma a ƙullun fulawa aka soya.

Labarin Faransa ya fi kusa da mu, domin ta nan abin ya biyo zuwa biranen Afirka masu magana da Faransanci. Bayan 1975, 'yan gudun hijira daga Biyetnam, Kambodiya da Lawos suka sauka Faransa. Da yawansu Sinawa ne 'yan asali da suka daɗe a waɗannan ƙasashe. Suka zauna a gunduma ta 13 ta birnin Paris da wasu unguwanni, suka buɗe shagunan dafaffen abinci da ake aunawa a ɗumama wa mai saye. A allo ɗaya sai ka ga girkin ƙasashe uku ko huɗu, duk da sunan «chinois».

Nem, wanda kowa ke ɗauka na Sinawa ne, girkin Biyetnam ne. Ya shigo Afirka ta Yamma ta wata hanyar ma: sojojin Afirka da Faransa ta kai yaƙin Indocin tsakanin 1946 da 1954, wasunsu sun dawo da mata 'yan Biyetnam, musamman a Senegal, kuma nem ya zama abincin titi a Dakar. Shinkafar da ake kira «riz cantonais» kuwa, mai ƙwai da koren wake da guntayen jambon, suna ne da Faransawa suka raɗa. A Canton ba wanda zai gane ta da wannan suna. A lura, jambon na asali naman alade ne.

Sauran ƙasashe ma kowace ta yi nata. A Indiya akwai kazar Manchuriya, wadda Nelson Wang, ɗan asalin Sin haifaffen Kalkata, ya ƙirƙiro a Mumbai a shekarun 1970. A Peru gidajen abincin Sinawa sun zama wani salo mai zaman kansa da ake kira chifa. A Najeriya soyayyiyar shinkafa mai kori da hanta ta zama abincin biki, ta yadda ba mai tuna daga ina ta fito.

Manyan bambance-bambance a taƙaice

Zaƙi. Abincin ɗauka-ka-tafi yana da sukari da yawa. A Sin akwai yankunan da ke son ɗan zaƙi, kamar Shanghai da Wuxi, amma ana daidaita shi da gishiri da tsami da ɗaci da yaji.

Suya. A waje ana tsoma nama a ƙullu a soya shi cikin mai mai yawa, domin yana jure zama da tafiya a kwali. A gida an fi turarawa, dafawa a romo, dafawa a hankali kan ƙaramar wuta, ko juyawa da sauri a kaskon wok da ɗan mai kan wuta mai ƙarfi, a ci nan take.

Miya. Ta waje mai kauri ce, mai yauƙi saboda sitacin masara, wani lokaci da jan launi na kanti. Ta gida kaɗan ce, iyakarta ta shafi abincin.

Nama da ganye. A waje nama ne gaba, tsoka zalla ba ƙashi, ganye ado ne. A gida ganye da awara ne suka fi yawa.

Yadda ake ci. A waje kowa da farantinsa. A gida ana tarayya, kamar yadda muke haɗuwa a kwano ɗaya, kuma mai masauki kan ɗebo wa baƙo loma mai kyau don girmamawa.

Kayan ɗanɗano. Girkin gida ya dogara da abubuwan da aka bari suka ruɓa da gangan: ruwan waken soya mai gishiri, baƙin wake da ake kira douchi, markaɗen wake da barkono na Sichuan, da ganyen da aka jiƙa a ruwan gishiri. Warinsu mai ƙarfi ne, shi ya sa aka rage su a girkin Turai. Wanda ya tashi da daddawar kalwa ko ta batso ba zai yi mamakin douchi ba, aikinsu ɗaya ne a miya.

Batun farin magi

Akwai jita-jitar da ta daɗe cewa abincin Sinawa na sa ciwon kai saboda farin magi. Sinadarin ba ƙirar Sin ba ce. Wani masanin kimiyya ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano shi a 1908 daga wata ciyawar teku, kuma kamfanin Ajinomoto ya fara sayar da shi a 1909. A 1968 wani likita a Amurka, Robert Ho Man Kwok, ya aika wasiƙa ga wata mujallar likitoci yana cewa yakan ji kasala da bugun zuciya bayan ya ci abinci a gidajen Sinawa. Daga nan zargin ya bazu. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su tabbatar da cewa adadin da ake sawa a abinci na cutar da yawancin mutane ba, kuma hukumar kula da abinci ta Amurka ta sa shi cikin abubuwan da ake ɗauka marasa haɗari. Sinadarin da ke ba shi ɗanɗano yana nan a tumatir da busasshen kifi da daddawa, yana kuma cikin dunƙulen magin da muke sawa kullum.

Abin da ya fi cancantar a kula da shi gishiri ne. Ruwan waken soya da magi duka suna da shi da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mai hawan jini ya kiyaye, ko abincin na Sin ne ko na gida.

Abin da matafiyi Musulmi ya kamata ya sani

A nan ne rashin sanin bambancin ke da haɗari. Wanda ya saba da gidan abincin Sinawa a ƙasar Musulmi, inda akan maye gurbin alade da kaza ko naman sa, zai iya ɗauka haka abin yake a can. Ba haka ba ne. Alade shi ne naman yau da kullum na mafi yawan Sinawa, kuma ƙasar na cin kusan rabin naman aladen duniya. Idan aka rubuta rou, wato «nama», ba tare da an faɗi dabbar ba, alade ake nufi. Farantin da ake gani ganye ne zalla ana iya soya shi da kitsen alade ko a zuba masa romonsa. Jiaozi da yawancin dim sum da alade ake cika su. Akwai kuma giyar shinkafa ta Shaoxing da ake zubawa a girki don kashe ƙarni.

Mafita tana nan. Sin na da Musulmi fiye da miliyan 20, manyansu ƙabilun Hui da Uygur, kuma suna da girkinsu na halal da ake kira qingzhen, ana furta shi kamar «cing-jan». Ana rubuta shi da haruffa biyu: 清真. Yana da kyau matafiyi ya ajiye hotonsu a wayarsa, domin a 'yan shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna a birane da dama. Sau da yawa allon kore ne.

Kusan kowane birni na da shagon taliyar Lanzhou, wadda akasari Musulmi ne ke sayarwa. Ana jan ƙullun da hannu a gaban mai saye har ya zama zare, a zuba a romon naman sa mai haske, da man barkono da ganye. Tana da araha kuma tana ƙosarwa. Gidajen abincin Xinjiang na gasa tsiren rago da barkono da kumin, wanda ɗan Maraɗi zai ji kamar yana gida, ga gurasar tanderu da ake kira nang, da dafa-dukar shinkafa da karas da naman rago. A Guangzhou, inda ake baje kolin Canton sau biyu a shekara tun 1957, unguwar Xiaobei ta daɗe da zama matattarar 'yan kasuwar Afirka da shagunan halal, kuma masallacin Huaisheng na birnin na cikin mafi tsufa a ƙasar. Yiwu, a lardin Zhejiang, ita ma cike take da gidajen abincin Larabawa da Turkawa da Musulmin Sin.

Haruffa kaɗan na taimakawa wajen karanta takardar abinci: 猪 alade, 牛 sa, 羊 rago ko akuya, 鸡 kaza, 鱼 kifi. Jimlar «wo bu chi zhurou» na nufin «ba na cin naman alade». Amma faɗin haka a shagon da ba na halal ba ba ya canza kaskon da ake suya a ciki, kuma ba ya cewa komai game da yanka.

Abin da ya riga ya haɗa mu

Nijar da Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1974, suka maido da ita a 1996 bayan yankewar shekara huɗu. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011. Amma ta fuskar abinci, alaƙar ta fi shiga gidajen talakawa.

Awara ita ce doufu. Sinawa sun fi shekara dubu suna yin ta, kuma al'adarsu na danganta ƙirƙirarta ga wani basarake, Liu An, na ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa. Hanyar ɗaya ce: a jiƙa waken soya, a markaɗa, a tace, a tafasa, a sa abin da zai tsinka shi, a matse. Su suna amfani da wani farin dutse mai laushi ko ruwan da ya rage bayan an cire gishirin teku. Matanmu na sa ruwan tsami ko tsamiya. Su suna cin ta mai laushi a miya, ko busasshiya, ko wadda aka bari ta ruɓa. Mu mun soya ta mun barbaɗa yaji, ta zama tamu.

Shayi ma haka. Koren ganyen da aka murza ya zama ƙananan ƙwallaye, wanda lardin Zhejiang ya yi suna da shi, a Sin ruwan zafi kawai ake zuba masa a sha, ba sukari ba tafasawa. A nan ana tafasa shi a buta kan gawayi, a zuba sukari, a ɗaga shi sama har ya yi kumfa, a sha zagaye uku. Basine da aka miƙa wa kofin farko zai ce wannan ba shayinsu ba ne, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da muka yi wa shayinsu shi ne Amurkawa suka yi wa kazarsu.

Sai riɗi. Sin ce kan gaba a duniya wajen sayen riɗi daga waje, kuma Nijar na cikin ƙasashen Afirka da ke sayar mata. Jihar Maraɗi na daga manyan wuraren nomansa, ciki har da gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji. A shagunan Turai riɗi ado ne da ake barbaɗawa kan soyayyiyar kaza. A girkin gida na Sin kuwa ginshiƙi ne: ana gasa shi a tatsi mai da suke kira «mai mai ƙamshi», ana ɗiga shi a romo da ganye bayan an sauke. Ana niƙa shi ya zama kamar tunkuza mai laushi, wadda ake cakuɗa taliyar safe ta birnin Wuhan da ita, ake kuma tsoma naman rago a cikinta a Beijing. Tun da ƙamshi da mai ake nema, mai saye na duba tsabta da bushewa. Riɗin da aka sheƙe da kyau, ba yashi ba tsakuwa, aka shanya a kan tabarma ko leda, aka adana ba tare da an zuba masa maganin ƙwari ba, shi ne ke da daraja a wannan kasuwa.

Wanne ne na gaskiya?

Masu bincike kan tarihin abinci ba sa ɗaukar chop suey ko kazar Janar Tso a matsayin jabu. Girki ne na baƙi da suka nemi abin rufin asiri a ƙasar da ba ta marabce su ba, kuma da shi iyalai da yawa suka yi wa 'ya'yansu karatu. Kuskuren kawai shi ne a ɗauka shi ne abin da mutum biliyan 1 da miliyan 400 ke ci. Wanda ke son ya ɗanɗana na gida a gidan abincin Sinawa na waje, ya duba abin da ma'aikatan gidan ke ci da kansu, ko ya tambaya ko akwai takardar abinci ta biyu da aka rubuta da Sinanci, domin gidaje da dama na ajiye ta don 'yan ƙasarsu. Kafin ya yi oda kuma, ya tambayi naman da man da aka yi girkin da su.